Matar da Ke Gaida Ƙafa Kafin Fuska

Kafin mai shara ya gama goge barandar sashen masu ciwon ƙoda, ita ta iso. Jaka a kafaɗa, mabuɗai a hannu, tana bin gefen bango don kada ta ɓata masa aiki, shi kuma kullum sai ya ce, "Taka abinki, Anti, ai ƙafarki ba ta kawo datti." Ɗakinta ne na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon inda ake shanya zannuwan gado. Ba wani ɗaki ne na a zo a gani ba: tebur, kujeru biyu, sikelin awon nauyi, na'urar awon hawan jini, firij mai gurnani, da kabad na ƙarfe inda fararen kwalabe ke jere. Takan fara duba sanyin firij, ta jera ƙananan robobin fitsari a faranti, ta goge sikeli, sannan ta jawo wata 'yar gajeruwar kujera daga ƙarƙashin tebur ta ajiye gaban kujerar baƙo. A kan wannan 'yar kujera ta yi rabin rayuwar aikinta.

Nas ce, kuma ƙarshen watan jiya ta yi ritaya. A takarda sunan muƙaminta mai tsawo ne, amma daga mai gadi har babban likita ba mai wahalar da bakinsa. Anti Ƙafa ake ce mata, tana kuma amsawa. Dalili kuwa, idan ka shigo ka yi sallama, bakinta ne ke amsawa, idonta yana ƙasa. Sai ta gama da idon sawunka tukuna ta ɗago ta ga ko wane ne. Ta zauna a 'yar kujerar nan, ta ɗora ƙafarka a cinyarta, ta danna babban yatsa a ƙwaurinka, ta ɗage. Idan wurin ya ciko nan take, ka ga murmushi. Idan kuwa ramin yatsan ya tsaya kamar a kwaɓin fulawa, to ruwa ya taru, ƙoda ta kasa fitar da shi, kuma yau ka shiga uku da tambaya: gishiri nawa kake ci, wa ya ce ka bar maganin hawan jini, me ya hana ka zuwa wancan makon. 'Yarta ta rantse ko saurayin da ya zo neman aurenta bai tsira ba, sai da aka sa shi ya naɗe wando.

Na daɗe ina zama a bencin ƙofar ɗakin nan ina rakiyar mahaifiyata. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin waɗanda ya faru a kansu na ji shi.

Ciwon ƙoda ba ya shigowa da ihu. A hankali yake cin mutum, sau da yawa ta bayan hawan jini ko ciwon suga, har ranar da za a ce sai wanki, wato a riƙa haɗa mutum da na'ura tana tace masa jini, mako bayan mako, sai dai in an dace da dashen wata ƙodar. Binciken da Anti ke wa aiki na gwajin wata ƙwaya ne da ake fatan za ta rage wa ciwon gudu, ta nesanta mutum da wannan na'ura. Don a tabbatar ko tana aiki, sai aka raba masu shiga gida biyu. Kowa yana ci gaba da magungunansa na kullum, amma wasu an ƙara musu ƙwayar gaske, wasu kuma mai kama da ita sak wadda ba komai a cikinta. Kwalba iri ɗaya, launi ɗaya, ɗaci ɗaya. Mai sha bai san wacce yake sha ba, Anti ba ta sani ba, likita ma bai sani ba. Masu sani suna can nesa, kuma ba za su buɗe baki ba sai an kammala, sai fa in rai ya shiga haɗari. Duk wannan takan warware wa mutum shi dalla-dalla kafin ya amince, ta kuma sa ya maimaita mata da bakinsa. Kowa sai ya ce ya gane. Ba a daɗewa kowa sai ya dawo yana rage murya.

"Anti, tsakanina da ke, ta gasken ce aka ba ni?"

"Ban sani ba."

"Haba Anti, ke da mabuɗin kabad ke hannunki?"

"Kabad ɗin nake buɗewa, ba ƙwayar ba. Miƙo ƙafa."

Shekara da shekaru tana faɗin wannan "ban sani ba", har wasu suna zaton abin bai dame ta ba. Ba su san duk sashen nan ba wanda ya kai ta ƙishin sanin amsar ba.

Maigidanta malamin makaranta ne, mutum mai son tsaf-tsaf. Yana da wani baƙin takalmi sau-ciki mai igiya, wanda kowace safiya sai ya zauna a bakin gado ya goge shi yana 'yar waƙarsa, ita kuma tana tsokanarsa cewa ya fi tattalin takalmi a kan matarsa. Sai ƙafa ta fara kumbura. Da farko ya sassauta igiya. Daga baya ya zare ta gaba ɗaya. Daga baya ya take dunduniyar takalmin yana jan shi, don ya rantse ba zai shiga aji da silifa ba. A lokacin babu wannan sashe, babu na'ura a kusa, babu maganin da ya wuce na rage ruwa. Ita nas ce, ta san sunan abin da ke cinsa, ta san inda zai kai shi, kuma sanin bai ƙara masa kwana ba. Ya rasu 'yarsu tana firamare. Takalmin yana nan ƙarƙashin gadonta da dunduniya a take, kuma 'yar ta ce har yau takan ji ƙamshin man takalmi yana fitowa daga ɗakin. Kewarsa take yi, ba ta kuma ɓoyewa. Da aka zo neman nas da za ta riƙe wannan bincike, aikin da sauran suka zame wa saboda yawan bin mutane, ita ta ɗaga hannu. Abu ɗaya take so kafin ta ajiye fararen kayan aiki: ta ji da kunnenta an ce ga ƙwayar da, da ta zo da wuri, da Malam ya ci gaba da ɗaure igiyarsa.

Cikin mutanenta akwai biyu da ba a raba su. Ɗaya Mai Aski ne, magidanci mai ƙananan yara, mai baki kamar rediyo, wanda ke wuni a tsaye da kumburarrun ƙafafu cikin silifa. Ɗayan Baba Direba, tsohon direban bas, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, mai magana ɗaya-ɗaya. Ranar zuwansu ɗaya, bencinsu ɗaya. Mai Aski na zuba, Baba na gyaɗa kai. Har ta kai Mai Aski kan ɗauki injinsa ya je gida ya yi wa tsohon aski.

Sai awon ƙarfin ƙodar Baba ya fara gangarawa, na Mai Aski kuwa ya tsaya wuri ɗaya. Nan take kowa a benci ya zama likita. Ai ga shi nan a fili, in ji su, ta Mai Aski ce ta gaske, ta Baba alli ce.

Wata safiya Baba ya miƙa kwalbarsa kamar yadda aka saba, don kowane zuwa ana dawowa da ragowar ƙwaya. Anti ta juye a faranti, sai ta ga rabi-rabi. Ta ɗauki ɗaya ta kai wajen taga. Ta san tsofaffi kan raba ƙwaya da haƙori ko farce in ta yi musu wuyar haɗiya, ta kuma san yadda irin wannan ke marmashewa. Wannan kuwa yanka ne sumul, a tsakiya daidai, ko gari bai zuba ba.

"Baba, yaushe ka fara riƙe reza?"

Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Ta leƙa ƙofa. "Mai Aski, shigo. Taho da kwalbarka."

Ya shigo da dariyar da ba ta kai ciki ba. Tasa ma rabi-rabi ce. Bai musa ba, shi da gardama ce abincinsa.

"Anti, abin ai mai sauƙi ne. In tawa ce ta gaske, Baba ya samu rabi. In tasa ce, ni na samu rabi. Ba wanda ya tashi a tutar babu. Ina laifi a nan?"

"Laifin shi ne ba wanda ya san abin da rabin ƙwayar ke yi, ƙila ma ba ya komai. Kuma duk awon da na yi muku tun da kuka fara wannan, ban san me nake aunawa ba. In kowa a bencin can ya yi irin taka, za a gama binciken nan a ce ba bambanci, a watsar da ƙwayar ko da ita ce mai aiki. Ba kai da Baba kaɗai kuke jira ba, ƙanena."

"Na ji. Amma mutumin nan narkewa yake a gabana." Sai ya ɗago ya dube ta, ya faɗi abin da duk sashen ba wanda ya taɓa faɗa mata. "Anti, da Malam ne a bencin nan, ke kuma ga kwalba a hannunki fa?"

"Kai, yaro!" in ji Baba.

Ta dubi farantin, firij na ta gurnaninsa. Ba fushi ne ya zo mata ba. Bakin gado ta gani, da mutum a sunkuye yana kokawa da igiya.

"Da na raba," ta ce. "Wallahi da duka zan ba shi. Shi ya sa ba a gaya mini abin da ke ciki ba, shi ya sa kai ma ba a gaya maka ba. Zan faɗa wa likita."

"Anti, ki rufa mana asiri. Cire mu za su yi."

"Ƙila. Amma zan faɗa."

Ke ce kika miƙe a ranar, Anti, da farantin a hannu. Kwandon shara yana nan gefen ƙafarki, da kin juye a ciki ba mai ji ba mai gani, kuma da bencin nan ya yi ta sa miki albarka. Kika wuce shi kika bi baranda, zuciyarki tana wajen mutanen nan biyu, ƙafarki tana tafiya ofishin likita. Ke ce mai riƙon amanar da ba daɗin riƙo. Makonni bencin ya yi yana amsa gaisuwarki ciki-ciki, kina ji kina ci gaba da danna ƙafafunsu.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Da ya ga aikin rezar sai da dariya ta ƙwace masa, sannan ya dafe kai. Aka sanar da masu sa ido a kan binciken, amsa ta dawo: Mai Aski na iya ci gaba in ya yi alkawarin ba zai sake ba. Baba kuwa awonsa ya riga ya kai inda ƙa'ida ta ce a tsayar da ƙwaya a fara shirin wanki. Likita ya yi bayani cewa tun kafin reza ta shigo zancen awon ke gangarawa, amma Mai Aski ya riga ya ƙulla a ransa cewa Anti ce ta kai ƙara aka kori abokinsa. Ranar zuwansa ta zo, ba shi ba labarinsa. Ta kira waya, ya ƙi ɗauka.

Ranar hutunta ta shiga mota ta tafi shagonsa. Masu jiran aski suka ga dattijuwa da jaka ta shigo ta zauna a tsakiyarsu ta bi layi. Mai Aski ya hango ta a madubi, ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da bin kan da tuni ya gama askewa, har mai kan ya ce, "Kai, fatar ma cirewa za ka yi?" Da layi ya zo kanta wani ya ce, "Mama, wane iri za a yi miki?" Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

"Ban zo in ja ka ba," ta ce wa Mai Aski. "Tun ranar farko na gaya maka kana iya fita duk sa'ad da ka ga dama, kuma ba abin da zai ragu a kulawar da ake maka. Har gobe haka ne. Ƙafa na zo dubawa. Hau kujerar."

Ya hau kujerar askinsa, ta durƙusa cikin gashin da ke zube a ƙasa, ta danna. Ramin ya tsaya, ya ƙi cikowa. Ashe don fushi har maganin hawan jinin ya watsar.

"Da ni kake fushi, ƙodarka kake horo. Ƙwayar bincike in ka so ka bar ta, amma wancan kada ka kuskura. Kana da yara." Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Baba kuma yana cigiyarka. Gashinsa ya taru."

Wannan ta ƙarshen ce ta kawo shi. Ya zo ɗakin wanki da injin aski a leda, ya tarar da Baba kwance, robobi biyu a hannu, jini na fita na dawowa. Aka ce ba a aski a ɗakin, ya jira har aka gama, ya yi masa a baranda. Mai Aski ya duƙufa yana bin gashin a hankali. Baba ne ya yi magana.

"Sha taka kai kaɗai, yaro. Ni motata ta riga ta shiga gareji. Amma ina da jikoki, kuma ciwon nan yana bin gida. Ka bari a sani."

Tun daga ranar Mai Aski bai sake fashi ba. Shi ne ma ya zama ɗan sandan benci, duk sabon shiga sai ya ja shi gefe ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya raba ƙwaya da kowa, kamar ba shi ne ya ƙirƙiro abin ba.

Da lokacin ritaya ya matso, ta sami likita a ofis.

"Likita, yaushe za a buɗe sirrin ƙwayar?"

"Anti, sai na ƙarshen da ya shiga ya cika lokacinsa. Ba bana ba. Ƙila ma ba baɗi ba."

Ta nemi a ƙara mata wa'adi, doka ta hana. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta zaunar da sabuwar nas ta koya mata wanda ke ɓoye kumburi da dogon wando, da wadda ba ta faɗin gaskiyar gishiri sai mijinta ya fita, da wanda in ya ce "lafiya lau" da sauri to a sake auna shi. A makonnin nan na ƙarshe an sha ganin ta buɗe kabad ta tsaya tana kallon fararen kwalaben nan ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Amsar da ta yi shekaru tana jira tana nan a gabanta, a jere, hannunta na taɓa ta kullum, kuma za ta tafi ta bar ta a rufe.

Ranar sallama aka taru a ɗan ɗakin har baranda, da lemo da biskit. An turo Baba a keken marasa lafiya. Likita ya yi jawabi, mai shara ma ya yi nasa, wanda ya fi na likita tsawo. Mai Aski ne kawai ba a gani ba. Ana shirin watsewa sai aka ji wani taku a baranda, ƙwas, ƙwas, irin wanda ba a saba ji a wannan sashe na masu jan silifa ba. Ga shi nan ya shigo da takalmi sau-ciki, ruwan ƙasa, igiya a ɗaure, yana sheƙi.

"Na ranar aurena ne," in ji shi. "Tun da ƙafa ta kumbura yake cikin akwati. Jiya na gwada." Ya zauna a kujerar baƙo ya miƙe ƙafa. "Anti, a duba mini."

Ta jawo 'yar kujerar ta zauna. Mutanenta zare silifa kawai suke yi, rabonta da kwance igiyar takalmin wani tun na Malam. Yatsunta suka yi ta laluben ƙullin. Ta cire takalmin, ta saukar da safa, ta danna ƙwauri, ta ɗage. Wurin ya ciko nan take.

"To, Anti? Yanzu dai kin yarda ta gasken ce?"

Likita ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ban sani ba. Ka rage gishiri, kana shan na hawan jini, ƙila su ne. Ƙafa ɗaya ba ta isa shaida ba."

Daidai ta faɗa, kamar kullum, sai dai muryar ba tata ba ce. Ya sunkuya zai sa takalminsa, ta ture hannunsa. Da kanta ta mayar masa, ta ja igiyar rami bayan rami, ta ƙulla, ta sake ƙullawa a kai. 'Yarta da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta fita, don ta gane ƙullin. Na babanta ne.

Mun gode, Anti. Mun gode a madadin mahaifiyata, da Baba Direba da jikokinsa, da waɗanda ba su ma san ƙodarsu ta fara gajiya ba. Ranar da sakamakon zai fito, sunayen likitoci ne za su hau sama, sun kuma cancanta. Naki ƙila ya samu wuri can ƙasa cikin ƙananan haruffa, ƙila ma a manta. Amma ko me aka gano, in an iya yarda da shi, to don kin wuce kwandon shara da faranti a hannu ne. Masu fararen kaya da ke tasowa, ku koyi zama a gajeruwar kujera, ku kuma koyi cewa "ban sani ba" in ba ku sani ba. Masu zaman benci, ku dawo ranar da aka ce ku dawo, kowa ya sha tasa. Sauranmu kuwa mu je a auna mana hawan jini da fitsari tun takalmi yana shiga.

Yanzu tana gida. Likita ya yi mata alkawarin ranar da aka buɗe, ita zai fara kira, don haka waya ba ta barin cinyarta, ko kicin za ta shiga da ita take shiga. 'Yarta ta ce washegarin sallama ta fito da baƙin takalmin nan daga ƙarƙashin gado, ta miƙar da dunduniyar da aka take, ta cusa takarda a ciki don ya tsaya, ta kuma aika aka sayo sabuwar igiya. Igiyar tana nan a ledarta a kan tebur. Da 'yar ta ce, "Mama, ba za ki zura masa ba?" sai ta duba wayar, ta mayar da ita cinya.

"Sai likita ya kira," in ji ta.